Haɗa jita da gyaran amfilifaya a gida: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayoyin nan kusan kullum su ake maimaita min, wani ya sayi jitar gwanjo ta zo da karkataccen wuya, wani amf ɗinsa (amfilifaya, na'urar ƙara sauti) ya yi hayaƙi tun ranar da ya kawo shi gida, wani kuma so yake ya sassaƙa tasa da hannunsa. Shi ne na ga gara in tara su wuri ɗaya. Ni a tsakar gida nake aikina kan wani tsohon tebur, kuma in ka lura kusan duk amsar da zan bayar da awo take farawa, don yawancin jitar da ake kawo min ba ainihin matsalar ce ta kashe ta ba, gyaran da aka yi mata da ka ne.

Wai da gaske mutum zai iya haɗa jita a gida ba tare da manyan injina ba?

Ƙwarai kuwa. Mdou Moctar ɗan Nijar, wanda yanzu ke yawon duniya da jita, ta farkonsa da kansa ya haɗa da katako da wayar birkin keke. Mu nan ma ai ba baƙon abu ba ne, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi ake yin irinsa, fata da tsirkiya ɗaya. Shi kansa Leo Fender mai gyaran rediyo ne, a 1938 ya buɗe shagonsa a Fullerton ta jihar Kalifoniya, kuma jitar da ya fitar a 1950, wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, in ka kwance ta ba komai ba ce illa faifan katako guda da wuya da aka ɗaure da sukuru huɗu.

Saboda haka nake cewa ka fara da ta lantarki mai gangar jiki guda. Jita mai akwati, wadda ke ƙara da kanta ba wuta, ita ce mai wahalar, sai ka fere katako ya koma kamar milimita 2 zuwa 3, ka lanƙwasa gefe da zafi, ka manna haƙarƙarin ciki. Wannan a bar shi sai hannu ya faɗa.

To da me zan fara, kuma wane kayan aiki zan saya?

Nemi mataccen jita na gwanjo mai araha, ka kwance shi gaba ɗaya ka mayar. Abin da za ka koya a nan ya fi kallon bidiyo ɗari. In ma za ka yi taka, ka cire wuyan waccan da kunnuwan ɗaure tsirkiya da fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai wa amf) ka yi amfani da su, kai gangar jiki kawai za ka sassaƙa. Wuya shi ne rabin jita, in ya yi daidai sauran mai sauƙi ne.

Kayan aiki ba su da yawa: rular ƙarfe mai milimita, zarto, kurfi, magagari ƙanana, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, dirila, sukundireba, saitin alanki, ƙarfen solda na wat 30 zuwa 40, dalma, da mita ta auna wuta. In kuɗin abu biyu gare ka, sayi rula da mita tukuna.

Wane katako zan samu a nan da zai yi?

Wannan tambayar tana min daɗi, don mutane na ɗauka sai katakon Turai. Da yawan abin da manyan kamfanoni ke yabo daga nan yankin namu ake kai musu. Afara da ake sayarwa a 'yan katako shi ne wanda Gibson suka kira korina, da shi suka yi Flying V da Explorer a 1958. Sapele, wanda ya ci sunan garin Sapele na jihar Delta, kamfanonin Martin da Taylor na yin baya da gefen jita da shi. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a fuskar wuya kuwa da yawansa daga Kamaru yake, har Taylor suka shiga hannun jari a wata masana'antar yankansa a Yawunde tun 2011. Maɗaci namu ɗan gida ɗaya ne da mahoganin Afirka da ake yin gangar jita da wuya da shi, sai dai na nan arewa ya fi na kurmi nauyi.

Ga gangar jiki ni afara nake so, bai da nauyi kuma yana karɓar kurfi. Obece ma ba nauyi amma yana da laushi, sukuru kan kwance a ciki. Loko yana da kyau sai dai kafaɗarka za ta faɗa maka bayan awa ɗaya a tsaye. Ga wuya a nemi mahogani mai miƙaƙƙen zare, ba kulli. Fuskar wuya tana son mai tauri sosai, ƙirya na yi in ka samu busasshiya. Madobiya ma ta yi, amma an sare ta ba kaɗan ba har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tun 2017, don haka ni sai dai guntun tsohuwar kujera ko gado.

Abin da ya fi sunan katakon muhimmanci shi ne bushewa. Katakon da ke zuwa kasuwa irin ta Na'ibawa a Kano daga kudu yakan zo da ruwa a jikinsa, in ka fere wuya da shi yau, wata uku ya murɗe. Ka saya ka jingine a inuwa da 'yan sanduna tsakani iska na ratsawa, ya ga hunturu ɗaya aƙalla. Tsohon ƙyauren ƙofa ko ƙafar gadon da ya shekara ashirin a ɗaki ya fi sabon katako sau goma.

Ya ake sanin inda za a sa ƙarafunan firet, waɗanda ke gitte a fuskar wuya?

Lissafi ne, ba a yi da ido. Da farko ka zaɓi tsawon tsirkiya daga ƙashin sama (wanda tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya ta wajen kai) zuwa jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a kan gangar jiki, kamar dai jakin goge. Na Fender Stratocaster inci 25.5 ne, milimita 648. Na Gibson Les Paul inci 24.75, jitar nailan kuma galibi milimita 650. Sai ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fita shi ne nisan firet na farko. Ka cire shi daga tsawon, ka sake raba ragowar da 17.817, haka har ƙarshe.

Misali da 648: na farko zai faɗa a 36.4, na biyu a 70.7, na uku a 103.1, duk daga ƙashin sama. Na 12 dole ya faɗa a tsakiya cif, 324, in bai faɗa nan ba akwai kuskure, koma baya. Kuma don Allah kowane firet ka auna shi daga ƙashin sama, kar ka riƙa aunawa daga wanda ya gabace shi, don ɗan kuskuren rabin milimita zai yi ta taruwa har ya zama babba. Jakin kuma ana ɗan ja da shi baya da milimita 2 zuwa 4 fiye da lissafi, dalilin na cikin amsar sautin da ke kaucewa a ƙasan wuya.

Jitata lafiya lau take da damina, hunturu na shigowa ta fara zizza har ta tsage. Me ya faru?

Katako na shan ruwan iska yana kuma fitarwa har abada, ko an shafa masa fenti. Masana'antu na haɗa jita a ɗakin da laimar iska take kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu a Kano ko Damagaram takan sauka ƙasa da kashi 20. Sai katako ya tsuke. Alamar farko bakin ƙarafunan firet su fara yankar hannu a gefen wuya, don katako ya janye ƙarfe bai janye ba. Sai fuskar akwatin ta lotsa, tsirkiya ta sauko tana taɓa firet. In ba a kula ba sai tsagewa.

Ni na gani da idona, wata jita mai akwati da na rataye a bango kusa da taga cikin Janairu, da tsakar dare na ji ƙas kamar an karya tsinke, da safe na tarar da tsaga daga bayan jaki har gindi, farce na shiga. Na ji zafin abin sosai don kyauta aka ba ni ita. Tun daga nan ba na rataye jita da hunturu. Tana cikin jakarta ko akwatinta a rufe, tare da soson katifa da na jiƙa na matse sosai, a cikin gidan sabulu mai huji, ina sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Kar ruwan ya taɓa katakon.

In ta riga ta tsage kar ka yi saurin ɗura gam. Ka ba ta laima kamar sati ɗaya, za ka ga bakin tsagar ya haɗe da kansa, sannan ka cusa farin gam na kafinta da yatsa, ka goge na waje da ɗanyen tsumma, ta ciki kuma ka manna 'yan ƙananan faci na katako da zarensu ya gitta tsagar. Mai haɗa sabuwa kuma ya yi manne-mannensa lokacin rani, katakon da aka haɗa a bushe yana jure kumburin damina fiye da yadda wanda aka haɗa da damina ke jure hunturu.

Tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsuna na ciwo. In ɗaure rodin cikin wuya?

Tsaya tukuna, nan ne aka fi ɓarna. Rodin nan, sandar ƙarfen da ke cikin wuya, aikinsa miƙar da wuya kawai, ba shi ne maganin kowane tsayin tsirkiya ba. Ga gwajin: danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da kuma wajen da wuya ya haɗu da jiki, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7 ko 8. Ana son kamar milimita 0.25, kuma guntun siririyar tsirkiya mai lamba 10 kaurinta kenan daidai, sai ka zura ka gani. In tazarar ta fi haka sosai, ka sassauta tsirkiyoyi ka juya rodin dama kwata ɗaya kawai, ka sake ɗaure tsirkiyoyin, ka bar ta ta kwana, ka sake aunawa. In babu tazara sam tana zizza, hagu za ka juya. In ya ƙi juyawa kar ka sa ƙarfi, rodin da ya karye a ciki sai an ɓare fuskar wuya.

In wuya ya miƙe amma har yanzu da nisa, to jaki ne. A firet na 12 jitar lantarki na son kamar milimita 1.6 a siririya da 2 a mai kauri, mai akwati kuma 2 da 2.5. Ta lantarki da alanki ake saukarwa. Mai akwati sai ka zare ƙashin jaki ka goga gindinsa kan samfefa da aka shimfiɗa a gilashi, kuma duk milimita 1 da kake so ya ragu a firet na 12, milimita 2 za ka ci a ƙashin. Ka ja layi da fensir kafin ka fara. In ka ci ya wuce, ƙashin ƙafar saniya daga mahauta, a dafa a cire maiƙo a shanya, ya fi robar da ke zuwa da jita masu araha. Ka kuma duba amsar hunturu kafin ka ci komai, wataƙila yanayi ne kawai.

Na saita ta daidai da tuna, manhajar saita sautin tsirkiya, amma in na sauka ƙasan wuya sai sautin ya kauce.

Danna tsirkiya na ƙara mata ɗauri kaɗan, shi ya sa ake ja da jaki baya. Ka kaɗa tsirkiya a sake ka duba manhajar tuna a wayarka, sannan ka danne firet na 12 ka duba. In na 12 ya haura, ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. In ya gaza, matso da shi gaba. Amma ka yi da sababbin tsirkiyoyi, tsohuwa mai tsatsa ba ta saituwa ko ka kwana kana yi, kuma sai bayan ka gama da rodi da tsayin jaki.

Zan iya sa tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan tunda ita ta fi samuwa?

A'a, kar ka yi. Saitin nailan na jan kusan kilo 40, na ƙarfe kusan kilo 70, kuma yawancin jitar nailan ba rodi a wuyanta. Wata biyu zuwa uku jaki zai ɗago ko wuya ya rusuna.

Jaki ya ɗago, ko kan jita ya karye. Wane gam zan sa?

Farin gam na kafinta mai kyau, ko Titebond in ka samu. Gam ɗin takalmi ba ya yi sam, roba ne, yana jan jiki a hankali ƙarƙashin nauyin tsirkiya, sufa gulu kuma na ƙananan abubuwa ne kamar guntun da ya ɓalle. Sirrin ba a gam yake ba, a haɗuwar katako da katako yake. In jaki ne ka cire shi gaba ɗaya da wuƙa mai faɗi da ka ɗan ɗumama, ka kankare tsohon gam da fenti har katako ya fito fes a duka ɓangarorin, ka shafa, ka matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, awa 24 kafin ka sa tsirkiya.

Kan da ya karye kuwa in karayar doguwa ce a karkace ka gode Allah, tana kamawa da ƙarfi. Kar ka goge wajen da samfefa, kar ka yi ta taɓawa da hannu, zaren katakon ne zai koma cikin ɗan'uwansa. Gwada matsewa ba gam tukuna ka ga ya zauna. Ƙusa ko sukuru a wajen nan ƙara tsaga shi suke yi.

Mene ne fikof, kuma zan iya naɗa nawa?

Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, ita amf ke ƙarawa, shi ya sa ba ya jin nailan. Irin na Stratocaster zagaye kusan 8000 ne na waya mai lamba 42, kaurinta kamar milimita 0.06, mita kan nuna wajen 6k, wato om dubu shida. Wannan awon shi ne gwajin farko in fikof ya yi shiru: in mita ba ta nuna komai ba waya ta tsinke, kuma sau da yawa a bakin inda aka yi solda ne, ba a ciki ba.

Naɗawa na yiwuwa, da keken ɗinki ma ana yi, a manna gidan fikof a jikin wilin hannu, waya na bi ta tsakanin yatsu a hankali. Wahalar samun wayar ce, wadda masu naɗin fanka ke amfani da ita ta yi kauri, ba za ta ba ka zagaye da yawa ba sai sautin ya fito a raunane. In ka gama ka tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir da ɗan kakin zuma, ba mai tafasa ba, don kar ya riƙa kuka in an ƙara murya. Jita mai akwati kuma akwai hanya mai arha, faifan fiyezo na cikin ƙaramar ƙararrawar lantarki, a manna ta ciki ƙarƙashin jaki. Sai dai yana son matakin gaba, wato ɗan haɗin da ake sawa tsakaninsa da amf, irin taransistar da zan yi bayani a tambayar amf na farko, in ba haka ba sautin kamar gwangwani.

Ƙugin nan mmm da ke fita a sifika daga ina yake?

Zare wayar jita daga amf tukuna. In ƙugin na nan, daga amf ne, galibi manyan kafasita masu tace wuta sun tsufa, wani lokaci za ka ga kansu ya kumbura. In ya ɗauke, to daga jita ne ko wayarta. Wutarmu a Najeriya da Nijar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya kuma kamar eriya yake, yana kwasar wannan. Don haka ne Seth Lover na Gibson ya ƙirƙiro mai naɗi biyu a 1955, ɗaya na kashe ƙugin ɗaya, aka fara sa shi a Les Paul a 1957.

Sai ka taɓa tsirkiya. In ƙarar ta ragu, wayar as ɗinka, wato wayar ƙasa, lafiya, abin da ya rage ka shimfiɗa takardar alminiyam a ramin da wayoyi suke ka haɗa ta da bayan bolum. In ba abin da ya canza, 'yar wayar da ke zuwa jaki ta cire. In ƙaruwa ta yi, an juya wayoyi biyun soket. Cajar waya mai arha, inbata, da wasu ƙwayayen fitila na zamani su ma suna kawo tasu ƙarar, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya ka ji. Abu ɗaya da ba a yi: cire ƙafar as ta filogin amf don ƙugi ya tafi. Tsirkiyar da ke hannunka a haɗe take da jikin amf ɗin, wannan ƙafar ce ke tsakaninka da wutar gari.

Bolum na ƙarar kwar-kwar, sauti na ɗaukewa yana dawowa.

Ƙura ce galibi, mu da ke cikinta. Fesa maganin wanke kayan lantarki a 'yar kafar bolum ɗin ka juya sau ashirin. Ɗaukewar sauti kuma ka fara zargin waya da soket, notin soket kan kwance mutum ya yi ta murɗawa daga waje har wayar ciki ta tsinke. In canji za ka yi, 250k ake sa wa fikof mai naɗi ɗaya, 500k ga mai biyu. Wajen solda ka ɗumama ƙarfen da za a haɗa ne dalma ta narke a kansa, haɗi mai kyau yana sheƙi, wanda ya yi dunƙule fari-fari zai dawo maka da matsala.

Wane amf ne ya dace in fara haɗawa?

Na LM386, ƙaramin IC mai ƙafa takwas da ake samu wajen masu kayan rediyo irin na Sabon Gari. Da batir 9V yake aiki, ba abin da zai kama ka. Ƙafa ta 6 wuta, ta 4 da ta 2 ƙasa, ta 3 shigar sauti, ta 5 fita, ta bi ta kafasita 220uF zuwa sifika mai om 8, ɓangaren mai alamar tarawa na kallon IC. Daga ƙafa ta 5 kuma ka sa rezista om 10 a jere da kafasita 0.047uF zuwa ƙasa don kar ya yi fito, da 100uF tsakanin 6 da 4. Haka nan yana ninka sauti sau 20, in ka sa 10uF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya koma sau 200, nan ne za ka ji ya fara gurnani irin na masu jitar Agadas. Ka sa masa soket ɗin IC don zafin solda kar ya kashe shi.

Ƙarfinsa kamar rabin wat ne, amma ranar da na fara jona nawa da sifikar tsohuwar rediyon kaset a cikin akwatin katako, sai da yaran maƙwabta suka leƙo. In ka ji sautin ya dushe, dalilin shi ne fikof na son mashiga mai nauyin kusan 1M, wato om miliyan ɗaya, shi kuwa LM386 nasa 50k ne. Taransista guda irin 2N5457 ko MPF102 a gaba tana gyara wannan.

Ina son mai ƙarfi da zan fita da shi waje, kuma ba kullum ake da wuta ba.

TDA2003 an yi shi ne don rediyon mota, da batir 12V kai tsaye yake aiki. TDA2030 da LM1875 sun fi shi ƙarfi amma suna son wuta fiye da haka, kuma dukkansu sai da faifan alminiyam mai shanye zafi. Yanzu akwai haɗaɗɗen allo na TPA3116 da ba ya cin batir sosai, ya dace da mai sola. Kowanne ka ɗauka sai ka sa masa matakin gaba na TL072 ko 4558, don wutar fikof ta yi kaɗan. Kuma kar wat ya ruɗe ka, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji, sai ka ninka kusan sau goma kafin a ce ƙara ta ninku. Sifika mai kyau a akwati mai kauri ta fi ƙarin wat.

Sifika nawa zan iya jonawa?

Duba abin da aka rubuta a bayan amf. Biyu masu om 8 in ka haɗa su gefe da gefe sun koma 4, in a jere ne ɗaya na bin ɗaya sun koma 16. Amf na taransista ko IC kar ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta, zafi zai yi ya ƙone. Kuma ka cire 'yar ƙaramar sifikar nan mai tsiwa, sifikar jita ta asali ba ta wuce wajen 5kHz, shi ya sa gurnaninta ke da daɗi.

Na sayi amf na gwanjo, me zan duba kafin in jona?

Bayansa, kafin komai. Na Amurka 120V ne, na Japan 100V, tamu kuwa 220 zuwa 230. Wani ƙanina ya kawo min nasa bayan ya canza masa filogi kawai ya jona, ko minti ɗaya bai yi ba taransifoma ta tafi, warin ƙonannen banish ya cika ɗakin. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya kai ninki biyu na abin da amf ke ci. In fis ya ƙone a sa mai lamba ɗaya da shi, ba waya ba, ba takardar sigari ba.

Ka kuma haɗa wa kanka fitilar gwaji: ƙwan fitila mai zare na da, wat 60, a jere da wayar wuta mai rai kafin soket ɗin da za ka jona amf, komai a rufe cikin akwatin roba. In ka kunna ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai akwai inda wuta ta haɗe, kashe ka bincika, ƙwan ya riga ya tare ɓarnar. Ƙwan zamani ba ya wannan aikin. In janareta ne kuma ka bari ya daidaita kafin ka kunna amf, ka kashe amf kafin a kashe shi.

Amf mai kwalba fa, irin na da mai kwalaben gilashi a maimakon taransista? Ance shi ya fi daɗin sauti.

Yana da daɗi, ba musu. Fender Champ na ƙarshen shekarun 1950 wat 5 ne kacal, kwalba uku, 12AX7 da 6V6 da 5Y3, kuma kayan cikinsa ba su da yawa, shi ya sa masu koyo a ƙasashen waje ke yawan kwafarsa. Amma a cikin irin waɗannan akwai wutar 300V zuwa 500V, kuma manyan kafasita na riƙe ta bayan an zare filogi. Tana kisa, ba tsoratarwa nake ba. Kafin hannu ya shiga sai an sauke wutar ta rezista mai ƙarfi da ke kan sanda mai rufi, a auna da mita a ga ta sauko ƙasa da 10V, kuma a sake aunawa bayan 'yan mintuna. Ba a haɗa ƙafafun da sukundireba. In dole ka auna yana kunne, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ba kai kaɗai a ɗaki ba.

Kar ka taɓa kunna shi ba sifika a jone, taransifomar fita ce za ta ƙone, kuma ita ce mai wuyar samu a nan. Om ɗin sifikar ma ya dace da wanda aka rubuta, duba amsar sifika a sama. Ni shawarata ka haɗa na LM386 da na 12V su yi aiki tukuna, sannan ka nemi dattijon da ya yi gyaran tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, su sun saba da babbar wuta, ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake sauke kafasita kafin ka buɗe naka.